Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Cikon Mutum Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke aiki a Dubai ya yankar mana tikitin jirgin ruwa na shaƙatawa, ni da Alhaji, kwana bakwai a watan Janairu, daga Dubai zuwa Doha da Abu Dabi a dawo. An rubuta jirgin zai tashi ƙarfe 9 na dare. Jirgin saman da muka samu daga Kano zai sauke mu ƙarfe 4 na yammacin ranar. Alhaji ya ce awa biyar ta isa har a yi sallah a ci abinci, yaron ya ce sam, mu iso ana gobe. Kuɗin otal ne Alhaji yake ji. Wa ya fi gaskiya? — Wata Hajiya daga Gwammaja

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaron nan albarka. Wannan karon gaskiya tana wajensa, sai dai ki san bakin da za ki isar wa Alhaji.

Ƙarfe 9 ɗin nan ba lokacin shiga ba ne. Lokacin kwance igiya ne, sa'ad da jirgi zai rabu da gaɓa. Ƙofar tantance fasinja kuwa tun kafin nan take rufewa, a yawancin kamfanoni da minti 90, wasu har awa 2. Ki sake duba takardar da kyau, za ki ga wani lokacin na biyu da ƙananan baƙaƙe, shi ne naku. Ke nan awa biyar ɗin Alhaji ta koma uku ko uku da rabi, a ciki za ku bi layin shige da fice, ku jira akwatuna, ku shiga cunkoson yamma zuwa tashar Mina Rashid, ko Dubai Harbour in can jirginku yake, domin tashoshin biyu ne kuma akwai tazara tsakaninsu.

In komai ya tafi daidai za ku iya kaiwa, ban ce ba za ku kai ba. To amma Janairu kika ce. Duk wanda ya taɓa kwana a kujerar filin jirgi na Malam Aminu Kano cikin hunturu ya san abin da hazo ke yi. Jirgi ya makara awa biyu a Kano, wanda za ku canza a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha ya tafi ya bar ku, sai na gaba, wataƙila sai gobe. Ko ku ku iso, akwatin ya kwana a hanya. Wanda ya zo ana gobe yana da daren da zai jira kayansa. Wanda ya zo a ranar sai ya shiga teku da kayan jikinsa.

Na san inda tunanin Alhaji ya samo asali, don ni ma da shi na tashi. Mu a nan mota ba ta barin Unguwa Uku sai ta cika, in ka tafi sayen ruwa ɗan kamasho ya leƙo ya kira ka. Ɗaurin aure ma akan ce a dakata waliyyi yana hanya. Shi jirgin ruwa mai ɗaukar mutum dubu huɗu ko biyar ba ya da wannan kunyar, kuma ba wulaƙanci ba ne. Kafin ya motsa sai ya miƙa wa hukumar tashar sunayen duk wanda ke cikinsa, a Amurka ma doka ta ce aƙalla minti 60 kafin tashi. Da zarar an miƙa takardar nan, ko kyaftin ya ji tausayinki ba shi da ta cewa. Ga matuƙin tasha da ke hawowa ya fitar da jirgi daga mashiga, shi ma da lokacinsa. Ga wani jirgin yana jiran gurbin.

Akwai kuma atisayen ceto. A da, doka ta yarda a yi shi cikin awa 24 bayan fasinja sun shiga. Ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan da suka hau a ranar ba a kai ga nuna musu inda za su taru ba. Daga 2015 dokar teku ta duniya ta koma cewa a yi atisayen kafin a tashi, ko kuma nan take bayan an tashi. Don haka kowane fasinja sai ya je wurin taruwarsa an ga fuskarsa, an nuna masa yadda ake ɗaura rigar ceto. Duk wannan a cikin minti 90 ɗin da Alhaji yake lissafawa a matsayin lokacin cin abinci.

Bahaushe ya ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. A bakin jirgin ruwa karin maganar nan juyewa take yi: ko nawa ka riƙo, in an janye gadar shiga jirgi an janye. Kuɗin tikiti kuma galibi ba a mayarwa. Abin da ya rage shi ne ku hau jirgin sama da kuɗinku ku tari jirgin a tasha ta gaba, in kamfanin ya yarda, in kuma kuna da bizar ƙasar. Ki gwada wa Alhaji wannan da kuɗin otal na dare ɗaya, ɗan kasuwa ne na tabbata, zai yi lissafin da kansa.

Ki ce wa yaron ya cika muku rajistar intanet tun yanzu, don ana rufe ta kafin ranar tafiya, kuma a nan ake ba ku lokacin da za ku iso tasha. Ya tabbatar fasfo yana da sauran wata shida bayan dawowa, bizar kuma mai shiga fiye da sau ɗaya ce, tunda za ku fita Doha ku sake shigowa. Abu ɗaya da nake yawan nanatawa: a bakin tasha masu dako za su karɓi manyan akwatuna, ba za ki sake ganinsu ba sai a ƙofar ɗakinki, wani lokaci bayan sa'o'i. Fasfo, katin rigakafin shawara, maganin hawan jini, darduma, su zauna a jakar hannu.

Shigar farko ma ba ita kaɗai ce ba. Duk garin da aka tsaya akwai lokacin dawowa, yawanci minti 30 kafin tashi, ana rubuta shi a allo daidai inda za ki goga katinki ki fita. Ki ɗauki hoton allon da waya. Ni a Doha na sha tawa. Dubai tana gaban Kano da awa uku, Doha da awa biyu. Wayata ta koma agogon Doha da kanta, jirgin da na hau kuwa bai canza nasa ba, yana nan kan agogon Dubai. Ina zaune a kasuwar Souq Waqif ina cinikin turaren wuta, ina ganin da sauran awa guda da rabi, sai wani dattijo Ba'indiye da muke cin abinci teburi ɗaya ya wuce ni da sassarfa, ya nuna mini agogon hannunsa bai ce uffan ba. Na bar turaren a kan sikeli. Da muka isa, ma'aikata biyu na tsaye riƙe da igiyar gada, mutane sun jeru a saman bene suna tafi kamar an ci ƙwallo. Ban taɓa jin babbar riga ta yi mini nauyi irin na ranar ba. Tun daga nan agogon hannu nake ɗaurawa, in saita shi da na jirgi, in kuma tambayi ma'aikacin ƙofa kafin in sauka.

In kuna son fita yawon gari hankali kwance, ku bi motar da kamfanin jirgin ya shirya. Ta fi tasi tsada, amma in ita ta makara jirgi yakan jira ta ko kamfanin ya san yadda zai kai ku. In kun fita da kanku, ku riƙe lambar ejan ɗin jirgin na wannan tashar, tana cikin takardar shirye-shirye da ake ba ku kullum. Shi ake bar wa fasfon wanda jirgi ya tafi ya bari.

Ku tashi daga Kano ana jibi in da hali, ku kwana wajen ɗanku ma ba sai otal ba, ku shiga jirgi da azahar. Wurin cin abinci a buɗe yake tun lokacin, kuma yana cikin kuɗin da aka riga aka biya. Ki fara da wannan in za ki yi wa Alhaji bayani. A gaishe shi.