Kafin jami'a auduga ce ta riƙe Gombe

Malam ka ce ƙaninka ya samu admishan a jami'ar jihar Gombe, kana tambaya wai da me garin yake ci kafin zuwan jami'a. To gaskiya jami'ar jiya jiya ce, 2004 aka buɗe ta, jami'ar tarayya ta Kashere kuma 2011, ita kanta jihar ai sai 1996 aka cire ta daga Bauchi.

Auduga ce ta tada Gombe wallahi. Turawa suka maido da hedikwatar masarauta nan wajen 1919, da farko a Gombe Abba take sannan Nafada, daga baya aka kafa injin gurzar auduga, har yau akwai unguwar da ake ce wa BCGA da sunan kamfanin audugar na Turawa, wato British Cotton Growing Association, yara da yawa basu ma san ma'anar sunan ba. Jirgin ƙasa ya iso 1963 yana kwasar auduga da gyaɗa zuwa kudu. Kakana ya sha bamu labarin lokacin kaka yadda jakuna da akori-kura ke layi a fulotin awo, ƙurar auduga ta yi wa mutum fari fat a gemu.

Sai siminti na Ashaka a Funakaye da ya fara aiki 1979, shi kam har yanzu tireloli na ɗauka. Audugar ce abun takaici, da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe manomi ya rasa mai saye ya koma masara da wake.

Yanzu ka je Tudun Wada, unguwar da jami'ar take, ka gani, gidajen haya na ɗalibai, masu fotokofi, masu abinci, ƴan Keke Napep, ranar da aka shiga yajin aiki a jami'a kowa sai ya ji a aljihunsa. Ka ce wa ƙanin naka ya nemi ɗaki da wuri tun kafin a fara rajista.