Shin na ci amana don na yaba wa tauraron ƙungiyar da muke hamayya da ita?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne daga Fagge, ina buga ƙwallon kwando kuma ina kallonta. A majalisarmu kusan kowa ɗan Lakers ne, wata ƙungiya a gasar ƙwallon kwando ta Amurka da ake kira NBA, har da ni. Wata rana muna hira a wurin mai shayi sai na ce tsakani da Allah ban taɓa ganin mai jifa daga nesa kamar Stephen Curry na Warriors, abokan hamayyarmu, ba. Nan take aka yo min ca. Wani ya ce ni munafiki ne, wani ya ce na ci amanar ƙungiya, wani kuma da ya ɗan yi karatu ya ce yabon wanda ba Musulmi ba haramun ne, har ya kawo hadisin da ya ce mutum yana tare da wanda yake so. Yau mako biyu ke nan babban abokina ba ya amsa min gaisuwa. Malam, na yi laifi ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, ba ka yi laifi ba. Abin da ka faɗa shaida ce a kan abin da idonka ya gani, kuma shaidar ta dace da gaskiya. A watan Disamba na 2021 Curry ya wuce Ray Allen, wanda ya bar wasa da jifa mai maki uku, wato jifan nesa, guda 2,973, ya zama wanda ya fi kowa irin wannan jifa a tarihin gasar NBA. Ɗan Lakers da zai musa wannan, da lissafi yake rigima. Haka kuma ɗan Warriors ba shi da bakin musa cewa LeBron James, sanye da rigar Lakers, ya wuce Kareem Abdul-Jabbar a yawan maki a Fabrairun 2023.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, ku yi adalci, shi ya fi kusa da taƙawa. Wannan umarni ne da ya shafi har maƙiyin da ya zare maka takobi. To ina ga wanda duk laifinsa shi ne ya jefa ƙwallo a kwandon ƙungiyar da kake so, a wani gari na Amurka da ba ka taɓa takawa ba?

Akwai wata ƙissa a Bukhari da nake ganin ta fi komai kama da halin da majalisarku ta shiga. Annabi (SAW) yana da taguwa mai suna Al-Adba'u, ba a taɓa tsere mata ba. Sai wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Sahabbai zafi ƙwarai, har Annabi (SAW) ya gane haka. Bai ce an yi maguɗi ba, bai kushe raƙumin baƙon ba. Cewa ya yi haƙƙi ne a kan Allah, babu abin da zai ɗaukaka a duniya face ya sauke shi. Ka lura da abu biyu. Jin zafin shan kaye ɗabi'a ce, Sahabbai ma sun ji, ba a tsawata musu ba. Amma amsar da aka koya musu ita ce yarda da abin da ya faru. Wannan fa taguwar Manzon Allah ce, ba kulob ɗin wasu attajirai ba.

Mu zo ga maganar abokinka mai ɗan karatu, domin ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Yabon gwaninta daban, son addinin mutum ko ɗaukarsa jagoran rayuwa daban. Muslim ya ruwaito cewa an ambaci Rumawa a gaban Amru ɗan Asi, sai ya lissafa musu halaye na yabo: sun fi mutane juriya lokacin fitina, sun fi saurin farfaɗowa bayan musiba, sun fi saurin dawowa fage bayan an kore su, sun fi kyautata wa miskini da maraya da mai rauni, ya ƙara da cewa sun fi kowa hana zaluncin sarakuna. Wanda ya faɗi wannan kwamanda ne da ya yaƙe su a Sham da Masar. Ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Annabi (SAW) da kansa, bayan Badar, ya ambaci Muɗ'im ɗan Adiyyu da alheri, ya ce da yana raye ya roƙi a saki fursunonin da ya sake su dominsa, alhali Muɗ'im ya mutu yana mushiriki. Har Shaiɗan, da ya faɗa wa Abu Huraira falalar Ayatul Kursiyyu, Annabi (SAW) ya ce wa Abu Huraira ya gaya maka gaskiya duk da shi maƙaryaci ne.

Sannan akwai abin da ya ɗan ba ni dariya. Idan yabon Curry haramun ne don shi Kirista ne, taurarin Lakers da ake kwana ana yi wa kirari fa? Hujjar da aka ɗauko don a doke ka, ita ce za ta fara doke mai ita. Wannan ya nuna maka ba kishin addini ba ne ya motsa shi, kishin riga ne aka naɗa wa rawani.

Hadisin cewa mutum yana tare da wanda yake so ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun kawo shi. Sai dai iyakarsa ba a kan launin riga take ba. Abin tsoro shi ne zuciya ta cika da ɗan wasa, na ƙungiyarka ne ko na abokan hamayya, har ka koma kwaikwayonsa a aski da zanen jiki da duk abin da shari'a ta hana, kana fushi dominsa, kana yarda dominsa. Idan koyi kake nema, ka ɗauki naci da horon kai. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma an san shi da buga wasa yana azumin Ramadan. Wannan ko ɗan wace ƙungiya ne kai, akwai darasi a wurinsa.

Inda laifi na gaske yake shi ne a abin da aka yi maka. Goyon bayan ƙungiya halal ne a asalinsa, amma ba mubaya'a ba ce, babu wata amana da ka ɗauka balle a ce ka ci. Kiran Musulmi munafiki kuwa, ko da a ma'anar da muke amfani da ita a Hausa ta mai fuska biyu, ya shiga jifa da miyagun sunaye da Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana. Ƙaurace wa ɗan'uwa sama da kwana uku haramun ne da nassin hadisi, kuma mafi alherin su biyun shi ne wanda ya fara sallama. Lokacin da wani Bamuhajire da wani Ba'ansare suka yi saɓani kowa ya kira mutanensa, Annabi (SAW) cewa ya yi ku bar ta, abu ne mai wari. Waɗannan sunaye ne da Alƙur'ani ya yaba, amma da aka mai da su tutar ɓangaranci sai aka kira abin da wari. Haka hukuncin yake idan an dawo gida: ɗan Kano Pillars da ya zauna a ɗakin wasa na filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ya tafa wa ɗan wasan Rivers Hoopers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jihar Ribas, da ya yi bajinta, bai rage wa Kano komai ba, baƙo ya karrama.

Abu biyu da ba ka tambaya ba amma ba zan yi shiru a kansu ba. Yawancin wasannin NBA tsakar dare suke faɗowa a agogonmu, wasu har gab da asuba. Kallon da zai sa ka rasa sallar Asuba a lokacinta ya tashi daga halal. Kuma idan zafin musun nan yana da nasaba da kuɗin da wasu suka zuba a cacar wasanni, to wannan caca ce, Suratul Ma'ida, aya ta 90, ta haramta ta, babu bambanci ko a shago aka yi ko a waya.

Game da babban abokinka, ka je har gida ka yi masa sallama, kada ka tayar da zancen Curry, kada kuma ka janye abin da ka faɗa don ka faranta masa, tunda ba ƙarya ka yi ba. Idan ya amsa kun yi tarayya a lada. Idan ya ƙi, kai ka fita daga laifin ƙauracewa.

Wallahu a'alam.