Yaro ɗan shekara 9 da bai taɓa shiga aji ba

Hajiya, kin ce ɗan ƙanwarki ya dawo hannunki a Jos, shekararsa 9, bai taɓa shiga boko ba, ba shi da takardar haihuwa. Bai makara ba. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma dole.

Ki fara ganin hedimastan firamaren gwamnati. Takardar kuwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa.

Kada ki matsa a sa shi aji huɗu don tsayinsa. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba bencin baya zai koma, ya yi tsit, gobe ya fara gudun makaranta. Ki bari a gwada shi. Yunifom da littafin rubutu dai ki tanadi kuɗinsu.

In sun ƙi karɓarsa, ki kai maganar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.