Amsa ga kishiyata mai karatun tsakar dare

Kishiyata, saƙonki ya iso, kuma na yi dariya har sai da mijin namu ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Wai kina so ki ji ko gaskiya ne al'ada ta hana budurwa karanta littafin soyayya, in kuma ta hana, wane iri ta yarda da shi, tunda a ajinku kun rabu gida-gida: masu soyayya, masu na yaƙi da aljanu, masu na binciken kisan kai, kowa na cewa na 'yar'uwarsa shirme ne. Can a ƙarshe, kamar ba komai ba, kika liƙa cewa Ummanki ta karɓe wayarki don ta same ki kina karatu ƙarfe biyun dare. Nan dariyar ta tsaya mini.

Al'adar da kike nema ba ta san littafi ba, tatsuniya ta sani. Dokarta kuwa ta lokaci ce: ba a yi da rana. Kakata cewa take mai tatsuniya da rana ɓata yake yi, in mun matsa sai ta sa mu ƙulla tsinke wai mun ɗaure Gizo. Sai da na girma na gane rana ta daka ce da ɗiban ruwa da makarantar allo. Amma ban taɓa jin an ce ga irin labarin da mace ba ta ji ba. A bakin tsohuwar nan na ji na budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, ta ƙare a hannun dodo. In wannan ba labarin zaɓen miji ba ne, ban san mene ne ba.

Ko littattafan da Ummanki take kira na tarbiyya, ki duba su da kyau. Gasar da aka yi a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan Jiki Magayi ya biyo. Na farko yawon duniya ne da barkwanci, na biyu yaƙi ne har da aljanu, na uku wahalar zamanin bauta, na huɗu kuwa mai kuɗi ne ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, aka yi ta ramuwa. Duk rigimar ajinku tana ciki tun ba a haifi babana ba. Shi kuwa cewa yake, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Bari in ba ki wani labari, amma kada ki ce daga bakina kika ji.

Daminar 1992 ce, lokacin da ƙananan littattafan nan suka cika Kano, daga Kurmi har Sabon Gari. Sirara ne, takardarsu irin ta jarida, labari ɗaya a raba shi kashi uku don ka sake komawa. Wanda ba shi da kuɗin saye sai ya karɓi haya a shago. Ina kakkaɓe shimfiɗa na ɗaga katifa, sai ga guda an lulluɓe shi da bangon littafin lissafi. Na wa? Na Ummanki, tana shekara goma sha huɗu. Ashe nan kuɗin tara yake tafiya, ni ina ta mamakin yarinya ta dawo makaranta tana rawar jiki kan ɗumame.

Ni a lokacin malamar firamare ce, kuma kunnena ya cika da cewa littattafan nan ɓata 'ya'ya suke yi. Amma kin san ita 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa har yau, balle in ɗaga mata hannu surukata na cikin gida. Ta Iya ce. Sai na kai wa Iya ƙara da littafin a hannu. Iya ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Ta juya shi, ta dubi zanen da ke bango, ta ce, "Me ke ciki?" Na ce soyayya ce. Ta ce, "Ke kin karanta?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To bayan isha'i a shimfiɗa tabarma, mai shi ta karanta mana. Abin da ba a iya faɗa a tsakar gida, ba a shiga da shi ɗaki."

An ɗauke ruwa, an kuma ɗauke wuta. Aka kunna fitilar ƙwai, shinge na ta kewaya ta suna faɗawa cikin kwanon ruwan da aka ajiye. Ga Iya a kan buzunta da carbi, ga ni, ga matar ƙanin mijina, ga yara maza sun jeru a bakin rijiya suna jiran a yanka mutum. Ummanki ta fara, muryarta na rawa, takardar ma na rawa. Yaro ne ɗan talaka da yarinya 'yar makaranta, sai wani alhaji ya gan ta a hanya. Da aka zo wurin wasiƙar da saurayin ya rubuta, sai ta yi wuf ta juya shafi. Iya ko kallonta ba ta yi ba, ta ce, "Kin tsallake. Koma." Haka ta koma ta karanta zuma da madara da tauraruwar zuciya, mazan nan suna birgima a ƙasa don dariya, ita tana share hawaye da gefen mayafi.

Ni jira nake Iya ta fashe. Sai ji na yi ta ce, "Tsaya. Wannan yaro tun ɗazu yake zuwa zance, shi ba shi da kawu ne? Ba shi da baffa? Wa ya aiko shi?" Abin da ya dame ta ke nan, ba zumar ba. Aka ci gaba har inda uban yarinyar ya karɓi kuɗin alhaji ya sa rana ba da saninta ba. Matar ƙanin mijina ta ce ai daidai ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, yarinyar ce mara kunya. Iya ta daɗe ba ta ce komai ba, carbin ma ta daina ja. Can ta ce, "Ni ma ban kai wannan yarinyar ba aka kai ni. Ban taɓa ganin fuskarsa ba sai daren. Na yi kuka har muryata ta dishe, aka ce kukan amarya ne." Na shekara goma sha biyar a gidan ban taɓa jin wannan magana ba. 'Ya'yan da ta haifa ma ba su taɓa ji ba.

Daga nan musu ya kaure, har da ni a ciki, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ba da nata ra'ayin. Kawunki, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya ce shi wannan littafi bai ga amfaninsa ba, an kusa ƙarewa ba a kashe kowa ba. Iya ta ce to gobe nasa za a karanta. Ashe shi ma yana da nasa a ɓoye, na yaƙi. Washegari sadauki ya yi ta sare kawuna tun fitowar rana har faɗuwarta, aljanu na kawo masa ɗauki. Iya ta saurara tsaf, ta ce, "Shi wannan bawan Allah ba ya sallah ne? Ko tuwo ban ji ya ci ba." Amma da aka tsaya a inda aka jefa shi rijiyar macizai, ita ce ta kwance bakin zane ta ba da kuɗin kashi na biyu. Na duka biyun.

Yanzu ku fa? Kowacce ta ƙule a ɗaki ta ja bargo, hasken waya a fuska, ba wanda zai ce mata tsaya, ina kawun yaron. Ra'ayin naku ma da kuke taƙama da shi, na ga irinsa a wayar 'yar maƙwabta: wannan ta ce marubuciya ta cuce ta don ba ta aura wa yarinya mai jirgin sama ba, waccan ta yi rantsuwa ba za ta sake biyan kuɗi ba sai an kashe kishiya. Ba mai tambayar ko mutum na yin haka a duniya. Kuma kada ki raina mini hankali, na san akwai waɗanda ko bakin mahaukaciya ba zai iya karanta su a gaban mutane ba. Waɗancan na zamaninmu, duk surutun da aka yi a kansu, da yawa mata ne suka rubuta abin da ke cin su: auren dole, sakin wulaƙanci, cire yarinya daga makaranta. Balaraba Ramat Yakubu ita kanta tana ƙarama aka cire ta aka yi mata aure, ba labari aka ba ta ba.

Hani kuma na ga iyakarsa. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano aka cinna musu wuta. Ba a daɗe ba labaran suka koma cikin waya, inda ashana ba ta kaiwa. Tun 2016 kuma BBC Hausa take shirya gasar Hikayata ta mata zalla, ana karanta labaransu duniya na ji. Shi ya sa karɓe wayar da Ummanki ta yi bai burge ni ba, ko da yake ƙarfe biyun dare ni ma da na kama ki sai kin ji a jikinki. Yarinyar da za ta tashi asuba ta tafi makaranta!

Su ƙawayen naki masu na binciken kisa, ban san irin nasu ba sosai sai abin da nake ji ana karantawa a rediyo, kuma nakan gano mai laifin tun kafin ɗan sandan ya gano, don haka ba na ganin ƙoƙarinsa. Ki gaya musu haka.

Ranar Juma'a in kun zo, ki taho da wanda aka kama ki da shi. Zan sa Ummanki ta kawo wayar, ita ma ta zauna. Ke za ki karanta, kuma kunnena ƙalau yake, in kika tsallake zan sani.