Tambaya da Amsa: Talauci ne ke sa wa yara ciwon daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. An gano ɗan ƙanwata mai shekara biyar yana da sankarar jini. Wata a dangi ta ce rashin cin abinci mai kyau ne ya jawo masa, tun daga ranar uwarsa ba ta daina kuka ba, gani take laifinta ne. Na kuma ji a rediyo wai bincike ya nuna 'ya'yan talakawa sun fi mutuwa da wannan ciwo. Don Allah ina gaskiyar take? — Wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya. Ki fara da share wa ƙanwarki hawaye: ba girkinta ba ne, ba kuma sakacinta ba. Sankarar jini ta yara tana farawa ne daga wani kuskure da ke aukuwa a cikin ƙwayar halitta lokacin da take rabuwa a ɓargo. Masu bincike sun koma kan ɗigon jinin da aka ɗiba a dugadugan jarirai ranar haihuwa, suka tarar da cewa wasu yaran da ciwon ya bayyana musu bayan shekaru, kuskuren farko yana nan tun suna ciki. Ɗan attajiri yana kamuwa, ɗan talaka yana kamuwa. Wannan 'yar'uwar taku ta faɗi abin da ba ta sani ba, kuma gaban uwa mai jinya ba wurin irin wannan magana ba ne.

Amma abin da kika ji a rediyo ma gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai kashi 30 ba. Ciwon ɗaya ne, magungunan ma yawancinsu tsofaffi ne, an san su shekaru da dama. Abin da ya raba su shi ne zuwa asibiti a makare, da yankewar magani, da rashin jinin da za a ƙara wa yaro, da iyayen da aljihunsu ya ƙare suka ɗauke yaro ana tsaka da jinya.

Kada ki ɗauka wannan ya tsaya ga ƙasashe matalauta. A Amurka, Dakta Kira Bona ta cibiyar Dana-Farber da ke Boston ta bi diddigin yara masu sankarar jini da aka yi wa magani iri ɗaya a manyan asibitoci. A rahotonta na 2016, yaran da suka fito daga unguwannin talakawa, idan ciwon zai dawo musu, ya fi dawowa da wuri, kuma dawowar wuri ita ce mai wuyar magani.

Ɗaya daga cikin dalilan da ake zargi zai yi muku amfani kai-tsaye. Jinyar nau'in wannan ciwo da ya fi yawa a yara tana ɗaukar shekara biyu zuwa uku, kuma mafi tsawon ɓangarenta a gida ake yin sa, da wata 'yar ƙwaya mai suna mercaptopurine da yaro zai sha kullum. A lokacin gashinsa da magani ya zubar ya sake fitowa, yana guje-guje, kowa ya ce ai ya warke. Binciken Dakta Smita Bhatia ya nuna cewa yaron da ke tsallake fiye da ƙwaya ɗaya cikin ashirin, haɗarin dawowar ciwonsa ya haura ninki biyu. Ƙwaya ɗaya cikin ashirin fa! Yanzu ki dubi uwar da ke aikin dare, ko wadda maganin ya ƙare mata ba ta da kuɗin mota, ko wadda ke da wasu yaran huɗu a kanta. A ganina, likitan da ya rubuta magani bai tambayi wa zai riƙa bai wa yaron ba, rabin aikinsa ya yi.

Akwai dai wani ciwon dajin da talauci ke da hannu tun a tushensa. A 1958 wani likitan tiyata, Denis Burkitt, ya bayyana wani ƙari da yake gani a muƙamuƙin yara a Uganda: fuska ta kumbura gefe ɗaya, haƙora su yi ta girgiɗa, ƙarin ya ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. A cikinsa aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964. Kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ita ba tare da ta yi masa komai ba, amma idan ta haɗu da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, ƙwayoyin garkuwar jikin yaro sukan yi ta rabuwa babu hutu, har wani yanki na kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta) na 8 ya ɓalle ya manne a na 14, daga nan birkin rabuwar ƙwayoyin ya tsinke. Yaron da ke kwana ba gidan sauro shi ya fi shiga wannan haɗari. Haka ciwon hanta nau'in B: Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafinsa a 1984, daga baya sankarar hanta ta ragu sosai a tsakanin yaranta. Amma wannan ba shi ne ciwon ɗanku ba.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da asibitin yara na St. Jude da ke Amurka suka ƙaddamar da shirin kai adadin yaran da ke tsira zuwa kashi 60 nan da 2030. Buri ne mai kyau, sai dai ɗanku ba zai jira 2030 ba.

Don haka ku raba aikin a dangi. A samu mutum ɗaya da zai riƙe littafin shan magani, yana sa alama kowace rana. A gaya wa likitocinsa gaskiyar halin aljihu tun yanzu, a tambaye su ko akwai asusun tallafi, kada a bari sai magani ya yanke. Ranar da jikinsa ya yi zafi kuwa, ko da tsakar dare ne, a kai shi asibiti nan take, domin maganin yana raunana garkuwar jikinsa, ƙaramin zazzaɓi na iya zama babba cikin 'yan sa'o'i.