Hukuncin ba mai hujin kunne tukwici a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune da iyalina a Houston ta ƙasar Amurka. Na kai ƙaramar 'yata mai shekara huɗu wani shago aka huda mata kunne. Da na zo biya da kati, sai na'urar ta nuno mini in zaɓi tukwici, kashi 15 ko 20 ko 25 cikin ɗari. Don kunya na danna 20, amma har yau zuciyata ba ta kwanta ba, saboda a shagon ana yin tatu, wato zanen jiki da allura, kuma wata ƙawata ta ce kuɗin hujin ma haram ne balle a yi ƙari. Yanzu kuma yayarta mai shekara 16 ta matsa mini in kai ta wurin mutumin ya huda mata cibiya, tunda hannunsa na da kyau. Shin tukwicin ya halatta? Nawa ya kamata in riƙa bayarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki game da abin da kika riga kika bayar, babu laifi a kanki. Tukwici yana bin aikin da aka ba da shi dominsa ne. In aikin halas ne, ladansa halas, ƙarin da aka ɗora a kai ihsani ne. Ba rashawa ba ce, domin bayan an gama aiki kika bayar, da sanin mai shagon, ba don a danne haƙƙin wani ba. Annabi (SAW) da Abu Ɗaiba ya yi masa ƙaho, ya ba shi ladansa, sannan ya yi wa iyayengijinsa magana suka rage masa abin da suke karɓa daga gare shi kullum.

Maganar ƙawarki kuwa ba daga sama ta ɗauko ta ba, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya faɗa a cikin littafinsa Ihya'u cewa bai ga rangwame ba a huda kunnen yarinya don rataya zinare. A wurinsa rauni ne mai zafi da aka yi ba da larura ba, ɗaukar mai yin sa aiki bai inganta ba, ladan da ya karɓa kuma haram ne. Ibnul Jauzi ma ya tafi a kan hani. Amma shi Gazali da kansa ya bar ƙofa a buɗe, ya ce sai dai in an samu nassi da ya yi rangwame, shi dai bai riske shi ba. To nassin yana nan cikin Bukhari da Muslim: ranar idi Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da mata yin sadaka, suka riƙa ciro 'yan kunnensu suna jefawa cikin tufar Bilal.

Masu hani sukan ce ai waɗannan matan tun a jahiliyya aka huda musu, barin abin da ya riga ya faru ba ya nuna halascin farawa. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Shekara goma Annabi (SAW) ya yi a Madina, ana haihuwar 'ya'ya mata a gidajen sahabbai, suna tasowa cikin ado irin na iyayensu. Kwalliyar da aka haramta kuma bai bar ta a dunƙule ba, ya kira ta da sunanta har da tsinuwa: mai yin tatu da wadda ake yi wa, mai ƙarin gashi, mai tsige gira, mai wushiryar ƙarya. Yaya za a ce ya lissafa waɗannan duka, ya yi shiru a kan abin da ya fi su yawa, wanda yake gani da idonsa a filin idi? Ayar Suratun Nisa'i da suke kafa hujja da ita a kan tsaga kunnuwan dabbobi take magana, irin wanda mushrikai ke yi don gumakansu. Zafin da ake faɗa kuwa na ɗan lokaci ne, amfanin adon na tsawon rai, kuma shari'a ta yarda wa mace da zinare da alharini saboda wannan buƙatar. Shi ya sa Hanafiyya da Hambaliyya suka halatta, Ibnul Ƙayyim ma ya ƙarfafa hakan a littafinsa Tuhfatul Maududi. A kansa muka taso: tsohuwa ta zo da allura da zare ta huda wa jaririya, daga baya a sa ɗan tsinke kada ramin ya toshe, a sallame ta da ɗan abin goro. Ban taɓa jin malamin da ya hana ta karɓa ba.

Ɗa namiji dai ba a huda masa, wannan kamanceceniya da mata ce.

Tatun da ake yi a shagon bai gurɓata kuɗinki ba, tunda ba shi kika saya ba. Ko da raba tukwicin suke yi a tsakaninsu, ke wanda ya yi miki aikin halas kika ba.

Batun nawa: shari'a ba ta yanka adadi ba, al'adar gari ake bi, kuma a Amurka kashi 15 zuwa 20 shi ne abin da aka saba. Can abin ya wuce irin tukwicinmu na ɗan aike da ya kawo saƙo. Dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin gidan abinci dala 2.13 kacal a awa bisa zaton tukwici zai cike sauran, masu huji da yawa kuma raba kuɗin aikin suke yi da mai shago. Duk da haka ba bashi ba ne a kanki. In babu hali, ko aka yi miki aikin banza, kika danna sifili, ba ki yi zunubi ba. Sai dai in an rubuta kuɗin hidima a cikin farashi tun farko kika amince, to ya zama wajibi. Shawarata, mace mai hijabi a garin da kowa ke bayarwa kada a san ta da maƙo, don ba ke kaɗai za a zaga ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kika sako a ƙarshe kamar ba komai ba. Kin ce "mutumin", wato namiji ne, yarinyar kuma shekararta 16, baliga ce. Hujin cibiya ba ya yiwuwa sai ta kwanta ta yaye cikinta, ya shafa magani, ya kama fatar da hannunsa. Wannan buɗe al'aura ne ga ajnabi ba tare da larurar jinya ba, haramun ne, kuma a nan kuɗin aikin da tukwicin duk taimako ne a kan saɓo. Ko mace ce za ta yi, ni ba na ba ki fatawar ki kai ta. Ado ne da ba a san matan Musulmi da shi ba, wurin yakan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara, bai warke ba, kuma ki tambayi kanki wa budurwar da ba ta da miji za ta nuna wa cibiya. A Texas ba a yi wa wanda bai kai 18 ba irin wannan huji sai da yardar iyaye, don haka wuƙa da nama na hannunki.

Kada ki hana ta da tsawa. Yarinya ce da ta tashi a tsakanin ƙawayen da wannan ba komai ba ne a wurinsu, in kika rufe ƙofa da ƙarfi za ta jira shekara biyu ta je da ƙafarta. Ki zauna da ita, ke da mahaifinta, ku ji daga ina sha'awar ta fito. In ado take so, ga ƙarin huji a kunne, ga ɓarima a hanci wadda matanmu suka sani tun kaka da kakanni, mace ta yi mata, ki ba ta tukwicinta da hannu sake.

Ga ƙaramar kuma, ki riƙa duba bayan kunnen. Fatarmu ta baƙaƙe tana saurin yin tabon da ke tsirowa ya zama ƙullutu, in kin ga alama ki kai ta wurin likita da wuri. Nan gaba ki nemi inda ake amfani da sabuwar allura da aka ɓare a gabanki, domin bindigar hujin nan ta roba ba a iya dafa ta a kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, wani nau'in ciwon hanta kuma ta jini yake bi. Wasu asibitocin yara ma suna yin hujin, kin ga kin huta da shiga shagon tatu da 'ya'yanki.

Wallahu a'alam.