Tambaya da Amsa: OSPF ko BGP tsakanin ofisoshinmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da na'urorin sadarwa a wani kamfanin hidimar alhazai mai ofisoshi a Jidda da Makka da Madina. Mun karɓi layin MPLS, wato keɓantacciyar hanyar haya a cikin cibiyar kamfanin sadarwa, domin haɗa su, sai kamfanin sadarwar ya ce mu zaɓi ƙa'idar da rautarmu, wato na'urar da ke zaɓar wa bayanai hanya, za ta riƙa musayar hanyoyi da tasu: OSPF ko BGP. A cikin gida OSPF muke amfani da ita, wato ƙa'idar musayar hanyoyi a cikin cibiyar sadarwa ɗaya, kuma muna da wani tsohon ƙaramin layi tsakanin Jidda da Makka da muke so ya zama na ko-ta-kwana. Wacce za mu ɗauka? Daga ɗan'uwanku a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙaramin layin nan da ka ambata a ƙarshe shi ne gishirin tambayar. Kamfanin sadarwa yana ɗaukar hanyoyinku a cikin BGP ɗinsa, wato ƙa'idar musayar hanyoyi tsakanin cibiyoyin sadarwa daban-daban, saboda haka idan suka iso Makka daga Jidda, OSPF takan karɓe su a matsayin baƙi daga wani yanki, alhali waɗanda suka biyo ta ƙaramin layin 'yan gida ne, kuma ɗan gida take fifitawa komai tsadar da ka ɗora masa. Sai ka wayi gari ana tsakiyar aikin Hajji, sunayen alhazai da lambobin ɗakunansu suna cunkushe a siririn layi, babban da kuke biya da tsada yana zaune. Akwai magani, wato sham-link, wanda ke sa OSPF ta ɗauki hanyoyin MPLS a matsayin 'yan gida, amma a kan na'urorin kamfanin sadarwar ake saita shi, ke nan duk gyara sai ka jira su.

Shawarata ita ce BGP a Jidda da Makka. Ka ba kowane ofishi lambar AS tasa, wato lambar da BGP ke gane kowace cibiya da ita, daga cikin 64512 zuwa 65534, waɗanda aka keɓe don amfanin cikin gida, domin idan lamba ɗaya suka raba, rauta za ta ga lambarta a jikin hanyar ta yi watsi da ita. Ka cire OSPF daga ƙaramin layin, shi ma ka ɗora shi a kan BGP, sannan ka ɗaga fifikon hanyoyin da ke zuwa ta MPLS, in ba haka ba gajartar ƙaramin layin za ta sa ya sake yin nasara.

Madina kuwa, tunda layi ɗaya ne, hanya tsayayya da za ka rubuta da hannu ta wadatar. RIP, wata tsohuwar ƙa'idar musayar hanyoyi, kada ma ka waiwaye ta. Tsalle 15 daga rauta zuwa rauta ne iyakarta.

Kafin ku sa hannu a yarjejeniya, ka tambayi kamfanin sadarwar ko suna ba da BFD, wato tsarin saurin gano katsewar layi, domin a na'urorin Cisco, BGP takan iya jira har daƙiƙa 180 kafin ta yarda maƙwabciyarta ta faɗi, BFD kuwa tana ganewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.